Ina neman sa a Legas, ashe yana Watari

Wata bakwai ɗan farina bai tako gidana ba. Na faɗa, kowa ya ji.

'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, ku ji abin mamaki! Kun tuna Malama ta koya mana saka kalma a waya, duk labarin da ya ambace ta ya zo mana? Ni biyu na saka: Legas, don can ya ce yana gadi, da tumatir, don 'yar gonata. Kullum ni kaɗai a tsakar gida ina haɗa baƙi, ina karanta ambaliyar Legas da gobarar Legas.

Jiya da azahar waya ta yi ƙara. Labarin tumatir ne, manoman rani a Watari, nan kusa da mu. Na buɗe hoto. Innalillahi! Ga ɗan nawa nan da kwando a ka, ya rame!

Na buga masa. Na ce, "Ya Legas?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna, sai zafi."

Na ce, "Zafin Watari ko?"

Sai ya ce, "An sallame ni tun bara. Ƙwadago nake. Kunyar zuwa hannu rabbana nake ji."

Kun san ba a kiran sunan ɗan fari, don kunya. Wallahi jiya na kira, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo.

Yau da sassafe na ƙulla garin gero da daddawa, na rufe ƙofa. Ina cikin motar Watari yanzu. A kaina waccan kunyar za ta ƙare.