Yadda Kawu Gantali Ya Nemo Kaka

Mahaifiyarsa, wadda yara ke kira Kaka, ita ce ta laƙaba masa sunan. Yana ɗan shekara tara ta aike shi sayen allura da hantsi, bai dawo ba sai la'asar, ba allura, hannu duk baƙin mai. Ashe wurin mai gyaran keken ɗinki ya rashe yana kallo. "Ga Gantali nan," in ji ta, sunan kuwa ya bi shi. Yau shekararsa arba'in yana gyaran keken ɗinki gida-gida, jaka a kafaɗa, bai taɓa kama shago ba.

Yayarsa, malamar makaranta, takan ce wa 'ya'yanta a gabansa: "Gantali shi ne yawo ba dalili. Wanda bai gane ba ya dubi kawunku."

"Yaya, takalmina ke cinyewa, ba naki ba," yakan amsa.

Ranar Talata aka bar wa babbar 'yar yayar tasa, wadda ta gama jami'a bana, tsaron Kaka, da yake tsufa ya fara sa ta mantuwa. Tana cike takardar neman aiki a waya, da ta ɗago sai ta ga kujera wayam, ƙofa a buɗe. Layi uku ta zaga ba takalmi kafin ta kira Kawu.

Da ya iso ko sauri bai yi ba. Ya tsaya wurin tela, ya tsaya wurin mai faci, kowa sai an gaisa an tambayi iyali. Ita kuwa kamar ta haɗiye zuciya.

"Kawu, don Allah!"

"'Yar boko, in ba ki gaishe da mutum ba, ina zai tuna ya ga tsohuwa?"

Mai faci ya tuna: ta bi bayan makaranta. Kawu ya gyaɗa kai, ya kutsa wani lungu da yarinyar ba ta taɓa sanin yana ɓullewa ba.

A shagon wani kafinta suka sami Kaka, inda gidanta na da yake kafin a rushe shi. Tana zaune kan sabon benci, tana yi wa kafintan faɗa ya cika mata tsakar gida da garin katako. Yarinyar ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta, kuka ya ƙwace mata.

"Wannan 'yar waye?" Kaka ta tambaya.

"Baƙuwa ce, Inna, hanya ta ɓace mata. Zo mu raka ta gida."

Kaka ta miƙe, ta kama hannun jikarta. "Daina kuka, kin ji? Muna nan tare da ke."