Yadda Uwargidana Ta Sauke Ni Daga Mulki

Ko da zan manta da komai na zamana a Amurka, ranar da aka tuɓe ni daga shugabancin ƙungiyarmu ta Hausawan Maryland ba za ta fita daga raina ba, musamman da yake a teburin cin abincina aka ƙulla abin, ina zaune ina tafi.

Dokar ƙungiya ta ce shekara biyu shugaba zai yi. Ni na yi takwas. Duk lokacin da zaɓe ya matso sai in samo dalili: yau azumi ya kusa, gobe ƙanƙara ta rufe hanya. A lokacin har zuciyata na yarda cewa idan na sauka ƙungiyar rushewa za ta yi.

Uwargidana nas ce a wani asibiti a Silver Spring. Wata Asabar ta gayyato abokiyar aikinta, wata dattijuwa 'yar Filifin, cin abincin rana. Muna cikin hira matar ta ba mu labarin ƙuruciyarta a Manila, lokacin da suka gaji da shugabansu da ya ƙi sauka. Ta ce babbar hanya suka cika, maza da mata, ba mai ko sanda. Da tankokin yaƙi suka tunkaro su, sai suka durƙusa suna addu'a, ita kuma ta miƙa wa wani soja burodi da fure. Sojan ya karɓa. Cikin kwana huɗu mutumin ya bar ƙasar, aka koma mulkin zaɓe.

Na buga tebur na ce, "Haka ake yi wa masu maƙale wa kujera."

Uwargida ba ta ko dube ni ba. Ƙara wa baƙuwar shinkafa ta yi, ta ce, "Wato sojojin sun ci abincin?"

Da ina da wayo, da a nan na farga.

Bayan wata guda muka yi taron shekara a wani zaure da muke haya a Hyattsville. Na gyara babbar rigata, na sanar cewa an ɗage zaɓe saboda mutane da yawa sun yi tafiya. Ina rufe baki mata suka tashi gaba ɗaya, suka shimfiɗa dardumai a bakin ƙofa, suka zauna, suka jera kulolin masa da miyar taushe a gabansu, suka kama salati a hankali. Uwargidana ce a tsakiya.

Na ce, "Hajiya, mene ne haka?"

Ta ce, "Ba faɗa muka zo yi ba, Alhaji. Zaɓe muke jira. Kai dai yi zamanka."

Na tura sakatarena ya lallashe su. Likita ne ɗan Zariya, gwauro, wanda ya fi shekara bai ɗanɗana masa da miya ba. Aka miƙa masa faranti. Ina kallo ya cire takalmi ya zauna. Na tura mataimakina, wani malamin jami'a ɗan Jos. Shi kuma ya yi 'yar tsayuwar mutunci, sannan ya waiwayo ya ce, "Shugaba, a gaskiya maganarsu abar dubawa ce," bakinsa duk mai. Kafin la'asar ni kaɗai na rage a babban tebur, ga yunwa, ga ƙanshin man shanu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya zage ni, balle in sami abin kamawa in yi fushi.

Daga ƙarshe na ce a kawo takardun zaɓe. Wani injiniya ɗan Damagaram ya ci, ni kuma na sami ƙuri'a biyu. Ɗaya tawa ce. A mota na yi wa Hajiya godiya a kan ta biyun, ta ce, "Kada ka ɗora mini abin da ban yi ba."

Ƙungiyar ba ta rushe ba, ƙaruwa ma ta yi, kuma har yau ana kirana in yi addu'ar buɗe taro. Abin da na koya shi ne, mai mulki ba ya ganin kansa a labarin azzalumi, kullum da wani ake. Idan mutane suka ba ka aron kujera, ka mayar musu tun suna gaishe ka da fara'a.