Ranar da Dodoru ta ɓace daga kwamfuta

A shekarun da na yi ina aikin kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Kalgo, babban shafin lissafinmu ba ya riƙe komai na kansa. Kowane ƙauye yana da fayil ɗinsa, mai ɗauke da sunan malamin gonar da ke kula da shi, babban shafin kuma sai ya miƙa hannu ya ɗebo adadin manoma da irin da za a ba kowa. Da shi ake loda mota, abin da bai nuna ba kuwa ba ya fita daga sito.

Ranar rabon iri, hadari ya haɗu gabas, direba yana ta danna mana oda a waje. Na buɗe shafin, kwamfuta ta tambaya ko a sabunta mahaɗai, wato hanyoyin da shafin ke bi zuwa fayil ɗin kowane ƙauye, na ce a sabunta. Dangoma ta fito, Ceberu ta fito. Layin ƙauyen Dodoru kuwa, daga sama har ƙasa, babu komai sai #REF!, wato ta nema ba ta samu ba. Ga ruwan shuka a ka. In motar nan ta tashi haka, mutanen Dodoru sai dai su kalli gonakin maƙwabta.

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na buga tebur na ce, "Wane mai ƙarambanin ne ya taɓa mini kwamfuta?"

Shugabar sashenmu, wata Hajiya 'yar Gwandu wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta jawo kujera. "Malam, mi ya yi zafi? Kada ka adana komai. Rufe shi yadda ka same shi, mu sake buɗewa."

Wallahi har yau ina sha'awar yadda matar nan take aiki. Ba ta zargi kowa ba, ba ta kuma zargi na'ura ba. Ta danna gida ɗaya, ta karanta adireshin da yake nema, ta bi shi folda bayan folda kamar mai bin sawun akuya. Fayil ɗin yana nan inda yake, sai dai sunansa ya ƙaru da kalma ɗaya a gaba: Marigayi.

Malamin gonar Dodoru ya rasu makonni kaɗan kafin nan. Wani dattijo a ofishinmu, amininsa tun suna samari, shi ya zo bakin ƙofa yana murza hula. "Ni ne, Hajiya. Kullum na buɗe sai in ga sunansa tsirara, kamar yana nan da rai. Na kasa."

Na ce, "Haba Baba! To ai sai a goge kalmar, komai ya koma daidai, mota ta tashi."

Hajiya ta dube ni. "Ka goge ta a gabansa?"

Na matsa mata gefe. Ita kuwa ta buɗe wurin gyaran mahaɗai, ta nuna wa babban shafin sabon sunan. Muka sabunta, kuskuren bai tafi ba. Na ce to ga irinta nan! Ko kallona ba ta yi ba. Ta shiga cikin fayil ɗin, ashe Baba bai tsaya a waje ba, har shafukan ciki ya bi ya sa wa kowanne Marigayi. Sai ta koma tana gyara umarnin kowane layi, tana duba adadin da ya fito da na asali kafin ta wuce gaba. Direba ya leƙo, ta ce masa, "Sha ruwa, ɗana, ba za ka tafi ka bar Dodoru ba."

Da layin ƙarshe ya cika, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Aka buga takarda, aka loda irin Dodoru, yayyafi yana fara sauka motar ta fice.

Can shugaban ƙungiya ya shigo a fusace, yana tambayar wanda ya jawo wannan jinkiri. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Hajiya ta riga shi.

"Ranka ya daɗe, rasuwa aka yi mana."

Shugaban ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya jiƙansa, muka ce amin.