A gidanmu waya ce ke addu'a

Shekarun baya, da mijina ya kawo ni Libreville muka kama ɗaki a unguwar Awendjé, tun daga gida mahaifiyata ta cusa min Littafi Mai Tsarki na Hausa a ƙasan akwati. A nan ƙasan akwatin ya yi zamansa. Ko firamare ban gama ba, karatuna sai da yatsa, in na kai ƙarshen layi na manta farkonsa. A gida wannan bai taɓa damuna ba, don Mama ce ke karanta mana kowace safiya, ita ke addu'a, mu namu amin.

Da na zo nan ma ba abin da ya canja. Kullum kafin in ɗora ruwan koko saƙon muryarta ya shigo waya. Ta karanta ayoyi, ta ɗan yi bayani, ta yi wa kowa addu'a, har mijina da ke gyaran mota a Alibandeng, kada ƙarfe ya faɗo masa. In jingina wayar da gwangwanin madara, ni da 'yata mu rufe ido. Majami'ar da muke zuwa a Plaine Orety kuwa Faransanci zalla ake yi. In na ji an ɗaga murya sai in ce amin. Akwai ranar da na zabga amin da ƙarfi, mijina ya zungure ni ya ce, "Ke, sanarwa ake yi, famfon bayi ne ya lalace."

Wata safiya saƙo bai zo ba. Washegari ma shiru. Sai yayana ya kira ya ce Mama ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Tana ji, tana gane mutane, amma magana babu.

Na durƙusa bakin gado zan yi mata addu'a, na ce "Ya Uba", daga nan bakina ya tsaya. Matar da ke roƙa min tun ina ciki tana can kwance, ni na kasa haɗa mata magana ɗaya. Sai na koma kunna tsofaffin saƙonninta. Muryarta na roƙa mana lafiya, alhali ita ce marar lafiyar. Haka muka yi ta yi, har ranar da ruwan garin nan da ba ya sallama ya tare ni a hanyar kasuwa, wayar ta jiƙe cikin zani. Mai gyara ya juya ta ya ce duk abin da ke ciki ya tafi.

Akwai maƙwabciyarmu, wata Hajiya daga arewacin Kamaru mai sayar da atamfa, ita kaɗai nake samun yin Hausa da ita da rana. Wata la'asar ina shanya, 'yata na zaune tana kallonta har ta idar da salla. Na ji Hajiya ta tsokane ta, "To ke kin yi taki addu'ar yau?"

'Yata ta ce, "A'a. A gidanmu waya ce ke addu'a, kuma ta mutu."

Hajiya ta fara dariya, da ta ga fuskata sai ta haɗiye. Ta ce min, "Zo nan, 'yata. Ni ban san littafinku ba. Amma sallata, ko uwata na da rai ba za ta yi min ba. Ku taku addu'ar aikowa ake yi?"

Na ce, "Hajiya, ban iya karatu sosai ba."

Ta ce, "To wa zai ba ki maki? Lekol ne, makarantar boko?"

Da safe na zazzage akwatin. Laimar garin nan ta ci littafin, shafukan sun manne, gefensu ya yi fumfuna. Na ɓamɓare wani shafi a hankali, na ɗora yatsa. Layi kaɗan na yi, gumi ya jiƙa ni. 'Yata ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ba haka Kaka ke yi ba." Na ce mata na sani.

Bayan 'yan kwanaki na ari wayar mijina, na naɗi karatuna da duk tuntuɓensa, na ɗora 'yar addu'a a kai, na tura wa yayana ya kara wa Mama a kunne. Ya ce hawaye ya gangaro mata. Na tambaye shi na daɗi ne ko na takaicin yadda na dagula karatun. Ya ce shi ma bai sani ba. Ban kai ga karanta babi guda babu gargada ba, Mama ta rasu. Jana'izar ma ban samu zuwa ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ba na jin abin da nake ji a muryarta in ni ce ke addu'ar. Wata safiyar sai in ga da rufin kwano kawai nake magana. Muryar tata ma ta fara ɓace min, in na nemo ta a kaina sai in ji tawa. Ina tsoron ranar da 'yata za ta durƙusa saboda ni, bakinta ya tsaya kamar yadda nawa ya tsaya. Wannan tsoron ne ke sa ni buɗe littafin kafin koko, ko da daɗi ko babu.

Yanzu 'yata ta girma, karatu kamar ruwa. Jiya ta gan ni ina fama da wata doguwar kalma, ta ce, "Mama, kawo in karanta miki mana."

Hannuna har ya fara miƙawa. Sai na janye na ce, "Ɗauko naki ki zauna nan kusa da ni. Wannan nawa ne."