Saude, Mai Kai Magani Har Baki

Auduga, bandeji, gorar ruwa, da ƙwayoyin ciwon daji na mace ɗaya. Abin da ke jakar Saude ke nan ranar da na bi ta wani ƙauye bayan Wagini, tana bayan babur ɗin Uwaisu, ɗan acaɓarta. Shekara talatin da biyar tana aikin lafiya a yankin Batsari, kuma ba ta aike da magani. Da kanta take kaiwa.

Mai ƙwayoyin ita ce Inna Kulu, wadda sankarar mama ta kama. Likita a Katsina ya ce kullum ta sha, kada ta tsallake. Saude ta duba na makon jiya, ta ga sun ƙare tun kafin lokaci.

"Inna, ina sauran?"

"Mahfuza ce bayanta ke ciwo, ga tsohon ciki. Maganin birni ne fa. In sha ni kaɗai, maƙwabciya na nishi?"

Saude ba ta tsaya ɗaukar takalmi ba. Ta iske Mahfuza da ƙwayoyin ƙulle a bakin zane, tana jiran ta ci tuwo ta haɗiye. Ta kwance, ta karɓe.

"Wannan wuta ce, 'yar nan, ba ta san mai lafiya ba. Da ke da abin da ke cikinki za ta ci."

Ta dawo ta ce da Kulu, "Inna, kyautarki ta tsaya ga fura." Tun ranar, kowane hantsi ita ke zuwa ta sa mata ƙwaya a baki, ta jira ta haɗiye.

Ni na yi shekara shida a ƙasar waje ina nazarin bututun kabon, wanda ya fi gashin kai siranta sau dubbai. Fatan shi ne a ɗura masa maganin ciwon daji, ya wuce lafiyayyen nama, ya sauke kan ƙarin kaɗai. Har yau bai bar ɗakin gwaji ba. Da na yi wa Saude bayani, sai ta ce, "Madalla, Dakta. To bututun naka ya san Inna Kulu na da hannun kyauta?"

Bai sani ba. Ke ce kika sani, Saude, mai kai magani har baki. Ke kika san wace ce za ta ɓoye, wace ce za ta raba. Mun gode, Allah Ya saka. Masu tasowa a wannan aiki, kada ku tsaya a miƙa leda ta taga.

Ranar Alhamis Saude ta yi ritaya. Ta share ɗakin shan magani, ta ja ƙofa, ta kulle, ta miƙa wa Nusaiba magajiyarta makulli. Jakar kam ba ta miƙa ba.

"Saura wata huɗu Inna Kulu ta gama," in ji ta. "Gwamnati ce ta sallame ni, ba ita ba. Uwaisu, gobe da hantsi."