Mai Wasa Dutsen Injin Niƙa

Safiyanu, mai digiri na uku kan yankan ƙarfe, yana tsaye a kasuwar Gwaram rungume da dutsen injin niƙan innarsa. Tun da ya wasa shi da kansa, bisa lissafin kwamfuta, gari ke fita tsaki-tsaki, matan ƙauyensu Zandam suka ɗauke ƙafa daga injin.

Tsoho mai wasa dutsen da aka nuna masa yana zaune kan taya, tabarau ɗaure da zare, babban yatsansa ba farce. Wataƙila inji ne ya cinye farcen, tun Safiyanu yana rarrafe. Ido rufe yake bin tsagin dutsen da wannan yatsan, sannan ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya kasa kunne.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Safiyanu ya sosa ƙeya. "Wani ne, Baba. Wai injiniya."

"Allah sarki. Ya yi santsi kamar madubi, amma ina hatsi zai bi? Hannunsa ba laifi, bai taɓa niƙa ba ne. Turo mini shi wata uku."

Safiyanu ya waiga, yana neman wata tayar da shi ma zai zauna a kai.