Alamar da Ba a Rubutawa

Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin tsintuwa na tashar jirgin ƙasa, ɗaki mai taga ɗaya da kantoci uku, har masu shara suka manta sunansa suka koma ce masa Baba Tsintuwa. Duk abin da fasinja ya bari a kan kujera, teburinsa yake zuwa. Sai ya ɗaga ya juya, ya ɗaura masa kati, ya buɗe babban littafi ya rubuta. Lema ɗaya, baƙa, ƙarfe biyu a karye. Takalmin jariri, ƙafar hagu. Haƙoran roba cikin gwangwanin alewa.

Ƙa'idarsa guda ce: kowane kaya sai ya bar masa alama ɗaya bai rubuta ba, ya riƙe ta a ka. Littafi kowa na iya leƙawa, amma alama mai kaya ne kaɗai ya sani. Wani ya taɓa zuwa da rantsuwa cewa agogon da ke shafi na tara nasa ne. Baba ya tambaye shi me ke bayan agogon, mutumin ya ce ƙarfe, Baba ya ce ya gaida mutan gida.

Wata Talata wata mata ta zo neman jakar hannu, ta ce akwai ƙunar dutsen guga a shafin ciki. Ya duba littafi, ga jakar da rubutun hannunsa, kwana huɗu da suka wuce. Shi kuwa bai tuna ya taɓa ganin jakar nan ba. Ya miƙa mata, ya zauna.

Daga ranar ya fara rubuta wa kansa jerin abubuwan da yake gudun mantawa a bayan katin kaya, da kwanan wata a sama kamar yadda hannu ya saba. In ya dawo gida ya zuba katunan cikin gwangwanin biskit. Tun rasuwar matarsa yake zaune a ɗakin baya a gidan 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ma'aikaciyar jinya ce. Ita yake tsoro. Ya ga yadda ta yi da mahaifiyarta lokacin da kanta ya fara zubar da abubuwa: ta ɗauke ashana, ta ɗauke mabuɗin ƙofa, ta koma yi mata magana da ƙarfi kamar ƙaramar yarinya, duk cikin ƙauna. Ya san ran da Uwata ta gane, mabuɗin ɗakin tsintuwa ya bar aljihunsa ke nan.

Surukinsa malamin zane ne a wata kwaleji, irin mutanen da in suka ga tsohon takalmi sai su rataye shi a bango su ja da baya suna gyaɗa kai. Baba kan ce masa ya zo tasha da mota, akwai fasaha cike da kantoci uku tana jiran mai ɗauka. Wata safiya surukin ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya gode, an gama liƙa katunan, ranar Asabar za a buɗe wa jama'a. Ya ce jeri ma adabi ne, waƙa ce da ba ta roƙon kowa ya tausaya mata. Baba ya tambaye shi waɗanne katuna.

"Na gwangwanin nan mana, Baba. Ai ku kuka ce in ɗauka, makon jiya."

Bai tuna ba. In ya musa, ya tona kansa. Ya ce to, Allah ya sa albarka, ya shiga ɗaki ya jingina da ƙofa.

Sai dai akwai abin da bai yarda ya tambayi kansa ba. Mutumin da ke kulle lema mai ƙarfe biyu a karye da kwaɗo, shi ne ya bar gwangwanin a buɗe a kan teburin falo kwana uku, daidai inda Uwata ke ajiye tabaranta. Ita ce ba ta duba ba, mijinta ya riga ta.

Ranar Asabar da la'asar suka shiga zauren kwalejin. Kati ɗari uku da wani abu, an jera su a farin bango bisa kwanan wata, daga ƙofa har kusurwa. Ɗalibai na karanta katunan farkon layin suna dariya. Ƙwan fitila. Aski. Maganin sauro. A gaya wa suruki ya rage surutu. Surukin ma ya yi dariya, yana yi wa wasu baƙi bayanin cewa duk wanda ya bi bangon nan zai ga rayuwar mutum ba tare da an ba shi labari ba.

Uwata ta fara daga ƙofa. Ya bi bayanta, hannunsa cikin aljihu, ya damƙe mabuɗi har ya shiga namansa. Ta wuce watan farko tana murmushi. A wata na huɗu ta rage sauri. Buta tana bayan ƙofa. An ci abincin rana, kada a sake tambaya. Jirgin ƙarfe biyu ya wuce, kai ka gan shi. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ya so ya ce mata su tafi, kansa na ciwo, sai dai ya ci gaba da bin bayanta.

Ta tsaya a kan katin da surukin ya fi so, wanda ya ce babu uban da ya taɓa siffanta 'yarsa da kyau haka. Doguwa, mai tabarau, tana gyaran murya kafin ta yi magana. 'Yarka ce.

Na ƙarshe yana kusurwa, shi kaɗai. Mutum ɗaya, namiji, furfura. Riga ruwan toka, aljihu cike da kati. An same shi tsaye a dandamali na biyu, bai san inda za shi ba. Ba a zo nema ba.

Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo ya jira muryar nan mai ƙarfi, wadda ta yi wa mahaifiyarta. Ta gyara murya, ta yi magana ƙasa ƙasa yadda ɗalibai ba za su ji ba.

"Baba, na zo karɓar kayana."

Bakinsa ya riga shi, aikin shekara ashirin da bakwai. "Faɗi alamar."

Ta ce akwai tabon ƙuna a gwiwar hannun dama, inda ya tare tukunyar ruwan zafi da za ta zubo mata tana shekara huɗu. Ya naɗe hannun riga a hankali. Tabon na nan, fari, mai faɗin tafin yaro. Ya nemi tukunyar a kansa, ya nemi kicin ɗin, ya nemi kukan yarinyar, bai samu ko ɗaya ba.

Ta miƙo hannu. Wataƙila hannunsa take so ta riƙe, amma shi mabuɗin ya ɗora mata. Ta dube shi, ta sa a jaka, ta ce ranar Litinin za su ga likita da safe, daga can ita da kanta za ta buɗe masa ɗakin ya zauna a teburinsa. Ya duba fuskarta ko zai gane gaskiya take faɗa ko lallashi, ya kasa.

Ya laluba aljihu ya ciro sabon kati, ya dafa shi a bango kusa da na ƙarshen. Ya tambaye ta yau nawa ga wata, ta faɗa masa. Ya rubuta: Mabuɗi yana jakar Uwata. Ba ƙwacewa ta yi ba, ni na ba ta.